Tsohuwar Tarakta Ba Bola Ba Ce

 

A wannan karon za mu yi magana ne a kan wata aba da kowa ya sani, amma ba wanda ya damu da ita. Ita ce tsohuwar taraktar nan da ke bayan sito, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, a hanyar zuwa gonar makaranta. Tun da muka shigo aji ɗaya a nan muka same ta. Tayoyinta sun sace, jan fentinta ya koɗe, rina ta yi gida a ƙarƙashin kujerarta. Wasu a kanta suke zama su ci gyaɗa lokacin tara, wasu kuma bayanta suke ɓuya idan sun makara.

Makonni biyu da suka wuce mun ji ana cewa mai yiwuwa a sayar da ita ga 'yan gwangwan, su yanka ta su auna a sikeli. Da farko mu ma mun ce ai gara haka, me za a yi da mushen ƙarfe? Amma da muka kai maganar gaban Malamin Noma sai ya yi murmushi, ya ce mu je mu goge gefenta mu karanto masa abin da aka rubuta. Muka je da tsumma da ruwa, muka goge, muka ga an rubuta Massey Ferguson 135. Malam ya ce to, akwai mutane a Ingila da Amurka da za su yi tafiyar yini guda don kawai su ga irinta, su saya, su shekara biyu suna gyaranta. Wannan magana ce ta sa muka shiga bincike, ga kuma abin da muka samo.

Su wa ke tara tsofaffin taraktoci?

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin taraktoci, kamar yadda wasu a nan suke sha'awar kiwon dawaki ko tattabaru. Da yawansu manoma ne da suka manyanta, ko 'ya'yan manoma da suka koma birni. Mutum yakan nemi irin taraktar da mahaifinsa ya yi noma da ita, ko wadda ya koyi tuƙi a kanta yana yaro. Sukan samo su a tsofaffin rumfunan gona, ko cikin ciyawa a bakin shinge, ko a wurin gwanjo.

Suna da ƙungiyoyi da mujallu. A Ingila akwai ƙungiyar da ake kira Ferguson Club, wadda ta masu ƙaunar taraktocin Ferguson ce kaɗai. Suna shirya taro, kowa ya kawo tasa a jera a fili jama'a su zo kallo. Wani lokaci sukan yi jerin gwano a kan titi daga wannan ƙauye zuwa wancan, suna tara kuɗi don taimakon asibitoci da marasa lafiya. Akwai kuma gasar huɗa, inda ake ware rukuni na tsofaffin taraktoci, alƙalai su duba wanda layinsa ya fi miƙewa kuma zurfinsa ya fi daidaita.

Masu wannan sha'awa suna gane tarakta tun daga nesa ta launinta. John Deere kore ce da rawaya. Massey Ferguson ja ce da ruwan toka. Fordson Major shuɗiya ce. Allis-Chalmers kuma ruwan lemo ce. Har tsokanar juna suke yi a kan launi, kamar yadda 'yan ajinmu suke yi a kan ƙungiyoyin ƙwallo.

Wasu daga cikin waɗannan taraktoci suna da tsada sosai saboda 'yan kaɗan ne suka rage a duniya. A shekarar 2019 an yi gwanjon wata mai ƙafa uku da ake kira Ivel, ƙirar 1903, a Ingila, aka saye ta a kan sama da fam 300,000. A 2022 kuma an sayar da wata ƙirar kamfanin Case ta 1913 a Amurka a kan kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Kada wani ya yi zaton tamu za ta yi irin wannan kuɗi. Ba za ta yi ba, domin irinta an ƙera su da yawa. Darajar tamu a wani wuri take, za mu zo kansa.

Taƙaitaccen tarihin tarakta

Kafin tarakta, da dawaki da shanu ake huɗa a Turai da Amurka. Daga baya aka samu manyan injuna masu aiki da tururi, amma nauyinsu ya yi yawa, ga cin gawayi da ruwa. A 1892 wani mutum mai suna John Froelich a jihar Iowa ta Amurka ya haɗa tarakta mai shan fetur, wadda take iya yin gaba ta yi baya. A 1917 Henry Ford, mai kamfanin motocin nan, ya fito da Fordson, ƙarama mai sauƙin kuɗi, manoma da yawa suka saya.

Sai dai taraktocin wancan zamani suna da wani mugun haɗari. Jan garma kawai suke yi a baya, kamar yadda shanun huɗa suke ja. Idan garma ta kama kututture ko dutse a cikin ƙasa, tayoyin baya ba su da halin juyawa, amma injin bai daina aiki ba. Sai gaban taraktar ya ɗaga sama, ta kife ta baya, ta danne direba. Mutane da dama sun mutu ta wannan hanya.

Wanda ya samo maganin matsalar shi ne Harry Ferguson, ɗan wani manomi da aka haifa a 1884 a yankin da yanzu ake kira Ailan ta Arewa. Tun yana saurayi yake son injuna, har ya haɗa jirgin sama da kansa ya tashi da shi a 1909. Dabarar da ya ƙirƙiro ita ce a maƙala garma a jikin tarakta da hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, su zama kamar abu guda. Idan garma ta ci karo da wani abu, ƙarfin karon yana bi ta hannun sama ya danne gaban taraktar ƙasa, don haka ba za ta ɗaga ba. Nauyin garma da na ƙasar da take juyawa kuma suna sauka a kan tayoyin baya, su ƙara musu riƙo. Shi ya sa ƙaramar tarakta take iya yin aikin babba. Sannan akwai famfo mai tura mai, wanda ake kira haidirolik, da yake ɗaga garma ya sauke ta, direba yana zaune sai dai ya taɓa ƙaramin hannu kusa da kujerarsa. Har gobe kusan duk taraktar noma da wannan dabara take aiki. Ku je bayan tamu ku duba, hannuwan ƙasa biyu suna nan, na saman ne kaɗai aka cire.

A 1938 Ferguson da Ford suka ƙulla yarjejeniya da musabaha kawai, ba takarda, aka fito da tarakta Ford 9N a 1939. Daga baya suka ɓata har da zuwa kotu. Ferguson ya fara ƙera tasa a birnin Coventry na Ingila a 1946. Sunanta TE20, 'yar ƙarama mai ruwan toka, ƙarfinta wajen na doki 20. Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera sama da 500,000. Ita ce ta raba ƙananan manoman Ingila da yawa da noman doki, kuma tana cikin waɗanda masu tarawa suka fi ƙauna a yau.

Akwai wani gari a Ostireliya mai suna Wentworth, inda koguna biyu, Murray da Darling, suka haɗu. A 1956 aka yi gagarumar ambaliya. Mutanen garin suka fito da 'yan taraktocinsu na Ferguson, dare da rana suna ɗibar ƙasa suna yin jinga, har garin ya tsira. Bayan haka suka gina wa taraktar abin tunawa a cikin gari.

A 1953 kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na ƙasar Kanada, daga baya sunan ya koma Massey Ferguson. Irin tamu, wato 135, an ƙera ta ne daga 1964 zuwa cikin shekarun 1970. Ke nan ko da a shekarar ƙarshe aka yi tamu, ta girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Jikar TE20 ce.

Wasu masu ban mamaki

Cikin taraktocin da ake tarawa akwai waɗanda tayar da su kaɗai abin kallo ne. A Jamus akwai Lanz Bulldog, mai silinda ɗaya tak. Kafin ta tashi sai an gasa kan injin da wuta na wasu mintoci har ya yi zafi sosai. Sannan direba ya cire sitiyari, ya soka shi a gefen injin, ya juya da ƙarfi, in ta tashi ya mayar da sitiyarin mazauninsa.

A Ingila kuma akwai Field Marshall. Ita ana kunna wata 'yar takarda a saka a cikin injin, sannan a saka harsashi mai albarushi kaɗai, wanda ba shi da dalma, a buga da guduma. Ƙarfin fashewar ne yake tura fistan, injin ya kama.

Masu son motocin tsere kuma, ko kun san Lamborghini da tarakta ya fara? Ferruccio Lamborghini ɗan Italiya ya fara haɗa taraktoci a 1948 da ragowar kayan motocin soja na Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1963 ya kafa kamfanin motoci.

Yadda ake farfaɗo da tsohuwar tarakta

Wannan shi ne sashen da ya fi ɗaukar hankalinmu. Malamin Fasaha ya taimaka mana wajen fahimtarsa. Masu gyara ba sa yin gaggawa, mataki-mataki suke bi.

Mataki na farko shi ne sanin ko wace ce. Kowace tarakta tana da wani ɗan faranti na ƙarfe mai ɗauke da lambarta. Da wannan lamba ake gane shekarar da aka ƙera ta, da irin kayan gyaran da za su shige ta. Sannan a nemo littafin gyaranta. Kafin a kwance ko noti ɗaya sai an ɗauki hoton ko'ina. Duk abin da aka cire a sa shi a leda ko gwangwani a rubuta sunansa, domin wanda ya kwance abu yau, bayan wata shida ba zai tuna inda ya fito ba.

Na biyu shi ne wanki. Ana kankare laka da tsohon giris da baƙin mai, don a ga inda ya tsage da inda yake yoyo.

Na uku, a duba ko injin yana juyawa. Wannan ita ce babbar tambaya. A cikin injin akwai silinda, wato wani rami mai santsi, fistan yana hawa yana sauka a ciki. Idan ruwan sama ya shiga ta salansa ya kwanta a kan fistan, tsatsa takan haɗe shi da silinda, sai a ce injin ya cije. Masu gyara ba sa tilasta masa. Sukan zuba man gas ko wani mai na musamman a cikin silinda, su bar shi kwanaki ko makonni, kullum su ɗan gwada juyawa da hannu. In aka yi sa'a wata rana sai ya motsa. In aka sa ƙarfi kuwa, sai a lanƙwasa wani abu a ciki, aiki ya dawo sabo.

Na huɗu shi ne mai da ruwa. Ana tsiyaye tsohon baƙin mai, a wanke tankin man gas, a canza filta, a wanke lagireto, a sauya tiyo da famfel da suka bushe. Injin man gas ba ya amfani da filogi. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai famfo ya feso mai ta nozul, man ya kama da wuta da kansa. Saboda haka abu biyu ne rayuwarsa: matsi mai kyau da tsabtataccen mai. Idan zoben fistan ya cinye, matsi zai ragu, tarakta ta riƙa wuyar tashi tana hayaƙi. Idan kuma datti ko ruwa ya shiga mai, famfo da nozul za su lalace. Ko iska ce ta shiga hanyar mai, sai an sassauta wasu notina an fitar da ita kafin injin ya tashi.

Na biyar shi ne kuloci da giyabos. A nan akwai abin mamaki. Irin waɗannan taraktoci ba su da wani ƙarfe na daban da yake ɗauke da su kamar mota. Injin da giyabos da gatarin baya su ne aka ɗaure da juna suka zama ƙashin bayanta. Don haka in za a canza kuloci sai an raba taraktar gida biyu, a tallafe kowane ɓangare da jak da katako, a tura gaba ya rabu da baya. Aiki ne mai haɗari, ba na yara ba ne.

Na shida, a duba birki da sitiyari da haidirolik da wayoyin wuta da tayoyi. Mai gyara na gaskiya ba ya hawa titi da taraktar da birkinta bai kama ba, komai kyan ƙarar injinta.

Na ƙarshe shi ne fenti. Ana kankare tsatsa da buroshin ƙarfe da sanfefa, a cike inda ya huje da walda, a shafa fentin fari na kariya, sannan a fesa launinta na asali. Malamin Fasaha ya ce mu lura da kyau, fenti shi ne ƙarshe. Akwai masu yi wa ruɓaɓɓiyar tarakta sabon fenti don su yaudari mai saye. Ya ce haka ɗalibin da ya goge takalmi ya guge riga amma bai yi karatu ba yake.

Me ya sa duk wannan yake yiwuwa? Saboda an ƙera su ne don manomi ya iya gyarawa da kansa, da sifana da sukundireba. Babu kwamfuta a cikinsu. Kuma saboda an yi su da yawa, har yanzu akwai kamfanonin da suke ƙera musu sababbin kayan gyara. A Amurka ma wasu manoma sun koma neman taraktocin shekarun 1970 da 1980 don yin aiki da su, saboda sababbin in sun lalace sau da yawa sai an jira ma'aikacin kamfani ya zo da kwamfutarsa.

Kuma ba manya kaɗai suke wannan aiki ba. A Amurka akwai gasar gyaran tsohuwar tarakta ta ɗaliban sakandare, wadda kamfanin mai na Chevron ya daɗe yana ɗaukar nauyinta. Ɗalibai maza da mata suna kwance tarakta su mayar, su rubuta duk abin da suka yi da kuɗin da suka kashe, sannan su tsaya gaban alƙalai su amsa tambayoyi. Shekarunsu ba su fi na yayyenmu na babbar sakandare ba.

Masu sauya mata fasali

Masu sha'awar nan sun kasu kashi uku, kuma suna yawan gardama. Kashi na farko sun ce a mayar da tarakta yadda ta fito daga masana'anta, ko noti kada ya bambanta. Kashi na biyu sun ce a gyara injin kawai, a bar jikin da tsufansa, domin kowane tabo tarihin aikin da ta yi ne. Kashi na uku kuwa sun ce ai tarakta ta aiki ce, in sauyi zai ƙara mata amfani a yi shi.

Sauye-sauyen da aka fi yi ba su da yawa. Tsofaffi da dama da batir mai ƙarfin bolt 6 suka zo, sai a mayar da su 12 don su riƙa tashi da wuri, a kuma sa musu fitilu masu haske. Wasu an cire musu injin fetur an sa na man gas don rage kashe kuɗi. Wasu kuma an ƙara musu wani ƙaƙƙarfan ƙarfe mai kama da ƙofa a bayan kujera, wanda yake kare direba idan tarakta ta kife. Ƙasar Suwidin ta wajabta irin wannan kariya a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mutuwar direbobi ta ragu sosai. A ganinmu wannan sauyi ya fi kowanne muhimmanci.

Sauyin da ya fi shahara a tarihi shi ne na Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan da ya hau dutsen Everest a 1953. Ya tafi Antatika, nahiyar ƙanƙara, da taraktocin Ferguson TE20. Aka ƙara musu taya a tsakiya, aka naɗa musu sarƙa irin ta katafila don kada su nutse a dusar ƙanƙara, aka yi musu 'yar rumfa ta kare sanyi. Ranar 4 ga Janairu, 1958, taraktoci uku suka isa ƙarshen kudancin duniya. Su ne abin hawa mai inji na farko da ya kai can ta ƙasa.

Akwai kuma masu sauyi don wasa. A Amurka da Turai ana gasar jan kaya. Ana ɗaura wa tarakta wata tirela mai ɗauke da akwatin nauyi. Tana tafiya akwatin yana matsowa gaba, gaban tirelar yana ƙara nutsewa a ƙasa, har tarakta ta kasa. Wadda ta fi nisa a filin mai tsawon kimanin mita 100 ita ta ci. Wasu har injin jirgin sama suke ɗora wa tasu. Abin kallo ne, amma irin waɗannan ba sa noma ko kunya ɗaya.

Gargaɗi ga 'yan'uwa

Kada wannan bayani ya sa wani ya je ya fara taɓe-taɓe. Tsohuwar tarakta maɓoyar maciji ce da kunama da rina. Ƙarfe mai tsatsa in ya yanki mutum yana iya jawo ciwon sandarewar jiki. Idan kuma kun ga tarakta tana aiki a gona, kada ku matsa bayanta. Akwai wani ƙarfe da yake juyawa a wurin sau 540 a minti ɗaya, wato sau tara a daƙiƙa guda. In ya kama bakin riga ko hijabi ko gyale, kafin mutum ya yi ihu ya naɗe shi. Kuma kujera ɗaya ce a kan tarakta, ta direba. Masu ɗarewa a gefe lokacin kaka su daina, rigakafi ya fi magani.

To, tamu fa?

Mun je mun gaida Baba Maigadi, domin shi ya fi kowa daɗewa a makarantar nan. Shi tantan yake ce mata. Ya ce ya ga lokacin da take huɗe gonar makaranta kaf a yini biyu, har a ba da hayarta ga maƙwabta. Muka ce, “Baba, to me ya kashe ta?”

Ya ce, “Yarana, ba mutuwa ta yi ba, barinta aka yi. Famfon mai ne ya samu matsala. Aka ce a jira kuɗi. Ana jira batir ya yi ƙafa, daga nan fitila ta bi shi, tayoyi suka sace. Shi ke nan kowa ya manta.”

Muka tambaye shi game da gwangwanin madarar da ke kife a kan salansarta, wanda mu a da muke zaton wasan yara ne. Ya ce shi yake kifa shi. Tsohon direbanta ne ya roƙe shi kafin ya bar aiki, ya ce ko me za a yi kada a bar ruwan sama ya shiga ta wurin. Duk lokacin da iska ta ɗauke gwangwanin ko tsatsa ta cinye shi, sai Baba ya nemo wani. Da muka gaya wa Malamin Fasaha, ya ce in haka ne akwai kyakkyawan zato injin bai cije ba. Allah ya saka wa Baba da alheri.

A Ingila ana gyara irin wannan tarakta don sha'awa. Mu a nan buƙatarta muke yi. Duk farkon damina iyayenmu suna bin layin hayar tarakta, wani kafin layi ya zo kansa lokacin shuka ya wuce. Gonar makarantarmu ma rabinta kaɗai muke iya nomewa da fartanya.

Mun san makaranta tana da buƙatu da yawa. Akwai azuzuwan da kujeru ba su isa ba, kuma gyaran tarakta kuɗi ne, tayoyin baya kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa ma in an buɗe ta a tarar ta wuce gyara. Amma in aka yanka ta, an yanka ke nan, kuɗin ƙarfenta kuma ba zai sayi ko rabin wata ba. Don haka cikin ladabi muna roƙon Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kafin a yanke shawara a kira bakaniken tarakta ya duba ta, ya faɗi abin da ya lalace da abin da gyaran zai ci.

Na biyu, kafin nan a ɗora ta a kan bulo don tayoyin su huta, a rufe ta da tamfol, a hana kowa cire wani abu daga jikinta.

Na uku, in za a gyara, a bar ɗaliban Noma da na Fasaha su riƙa zuwa kallo tare da malamansu. Mu 'yan kulob mun ɗauki alƙawarin wankewa da kankare tsatsa da rubuta sunan duk abin da aka kwance.

Na huɗu, in ta tabbata ba za ta tashi ba, a bar ta ta zama abin koyarwa. Mun sha zana fistan da silinda a littafi, amma har yau yawancinmu ba mu taɓa ganinsu da ido ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda mahaifinsa ko yayansa bakaniken tarakta ne, ko ya san wanda ya taɓa tuƙa wannan tamu, ya taimaka ya same mu ranar Laraba bayan tashi a ɗakin karatu. Wanda kuma yake ganin gara a sayar, ya rubuto dalilinsa, za mu liƙa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

 

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, rubutun wakilinmu na aji biyu, ƙaramar sakandare.